Gefen Katunan Baba

Zuwa ga Yaya Babba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa irin ta ƙane ga wadda ta goya shi, da fatan takardar nan za ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara gaba ɗaya. Allah ya ƙara miki ƙarfin tsayuwa a kan marasa lafiyarki, ya sa ladan ya fi gajiyar yawa, ya tsare ku daga abin ƙi a inda kuke. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. 'Yan biyu sun shiga aji huɗu. Macen ta riƙe karatu, namijin kuwa takalmi yake ci kamar an aiko shi, wannan ne na uku tun farkon shekara. Mamansu ta samu sauƙin ciwon bayan nan tun da ta bi shawararki ta daina ɗaukar bokiti biyu a lokaci guda. Gwaggo tana nan da ƙafarta da bakinta, ƙafar ta rage gudu, bakin bai rage ba. Aikin shago yana tafiya daidai gwargwado. Rufin ɗakin Baba da ya daɗe yana yoyo mun samu mun gyara shi watan jiya, kuma daga gyaran nan ne maganar da zan yi miki ta taso.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga wurina, ni da ko saƙon waya sai kin yi mini tuni sau uku kafin in amsa. Da gangan na ƙi kira. Na san halinki, kafin in kai tsakiyar magana kin tare ni da faɗa, ni kuma in rikice in bar abin da ya fi muhimmanci. Maganar Baba ce, da katin nan da kika aiko masa shekara biyu da suka wuce. Kin ce mini kin sha wahala kafin ki samo masa shi, kika sa a wasiƙa, kika bi shi da wasu wasiƙu huɗu, amma ko layi ɗaya bai mayar miki ba, shi da a da ba ya barin wasiƙarki ta kwana biyu ba amsa. In kin kira kin tambaya, sai ya ce ya gani, Allah ya yi albarka, ya miƙa wa wani wayar. Ranar da kika ce mini kin gaji, ba za ki ƙara rubuta masa ba tunda abin bai dame shi ba, ban hana ki ba, har na ce kina da gaskiya. To, ni da ke duka ba mu da ita. Yanzu na san dalilin shirunsa, kuma ta hanyar wautata na sani. Ina roƙonki ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke hukunci.

Kin san akwatin katakon da ke kan teburinsa, amma bari in faɗa miki abin da ke ciki kamar ba ki sani ba, don ni kaina na girma ina ture shi gefe in ajiye kofin shayi, sai yanzu na san shi. Lokacin da Baba yake jera haruffa a maɗaba'a, su kaɗai ke da haruffan Larabci na dalma a duk garin, saboda haka duk baƙon da ake rubuta harshensa da waɗannan haruffa wurinsu yake zuwa: 'yan kasuwa, ɗalibai, likitoci, masu neman katin gayyata ko takardar manna wa kaya. Wata rana wani mai renon itatuwa, mai jin Urdu, ya kawo aikin 'yan takardun da ake rataya wa dashen mangwaro. Baba yana cikin jerawa sai ya ga kalmar ƙalam a cikin sunan mangwaro, wato alƙalaminmu ba tare da al ɗin farko ba. Ya ajiye aikin, ya jira mutumin ya dawo, ya tambaye shi me ya haɗa alƙalami da mangwaro. Mutumin ya yi dariya, ya ce a wurinsu reshen da ake yankowa a fiƙe bakinsa a yi wa wata bishiya aure, shi ma sunansa ke nan, kuma daga nan mangwaro mai aure ya samo nasa sunan. Baba ya yanko guntun kwali daga ragowar aiki, ya ce ya rubuta masa kalmar da hannunsa. Wannan shi ne kati na farko, yau shekara arba'in da ɗaya ke nan.

Daga nan ya kafa wa kansa doka, kin kuma san Baba da doka. Ba ya ɗaukar ma'ana daga ƙamus ko da an buɗe masa shafin a gabansa. Sai mai harshen ya faɗa da bakinsa, ya rubuta kalmar da hannunsa a saman kati, sannan Baba ya rubuta a ƙasa da ajami ko wane ne, mece ce sana'arsa, da abin da ya ce, ba ƙari ba ragi. Katunan sun kai ɗari da saba'in da uku, a kan kalma ɗaya tak! Akwai na wani tsohon Baturke da ya iya rubutunsu na da, wanda ya ce a wurinsu kalem abin rubutu ne, kuma a zamanin kakanninsa ofishin da magatakarda ke zama shi ma haka ake ce masa. Akwai na wani mai jin Farisanci da ya ce ƙarfen da ake sassaƙa zane da shi a jikin tagulla ƙalam ne. Wani mai aski ya ce a Urdu saje ma sunansa ke nan, Baba bai yarda ba sai da ya samu mutum na biyu ya maimaita. Masu Suwahili sun ce kalamu, masu harshen Malay sun ce kalam. Wanda yara suka fi so shi ne na wani Balarabe matuƙin jirgin ruwa, da ya ce a unguwarsu in an ce za a ba ka ƙalam to ka kare kuncinka, don mari ne. Mu kuwa, in ji Baba, rowa ce ta hana mu yar da komai: muka karɓi kalmar da al ɗinta, muka haɗiye gaba ɗaya, muka ƙara mata wasali a wutsiya.

Asalin kalmar kuma shi ne abincin yammarsu, shi da Hedimasta, abokin nan nasa da ya yi ritaya daga makaranta amma bai yi ritaya daga gardama ba. Kullum bayan la'asar yana nan a kan kujerar roba a ƙofar ɗakin Baba. Hedimasta yana kan cewa kalmar Balarabiya ce tun daga tushe, daga kalmar da ke nufin datsewa, irin ta farce ko ta reshe, kuma an kira alƙalami haka ne don fiƙe shi ake yi. Ya ce malaman Larabci na da haka suka bayyana. Baba kuma yana tare da masu cewa baƙuwa ce ko a Larabcin, daga Girkanci ta shigo, inda kalamos ke nufin kara irin na bakin ruwa mai rami a ciki, wanda ake rubutu da shi. Hedimasta ya ce to reshen aure da saje ai duk yanka ne. Baba ya ce reshe ai ɗan'uwan kara ne. Shekara ashirin suna wannan, ba wanda ya matsa ko taku ɗaya. In gardama ta yi zafi, Baba zai jawo akwati, ya gyara tabarau, ya bi katunan da yatsa, ya zaro ɗaya, ya karanta shi daga sama har ƙasa ba gargada, ya mayar. Haka muke gani kullum har watan jiya.

Akwai kuma wani abu da muka taɓa yi wa dariya a gidan nan. Kusan shekara uku ke nan, in Baba ya shiga ɗaki da hantsi ya tura ƙofa, sai ka ji ƙas, ƙas, ƙarar abin yanke farce. Yau ƙas, gobe ƙas. Maman 'yan biyu har cewa take farcen Baba ya fi ciyawa saurin fitowa, ni kuma na taɓa ce masa ya rage, kar ya kai ga nama. Ya ce to, ya ji. Bayan wasu watanni ƙarar ta tsaya, muka manta da ita.

Da za a cire rufin, muka kai Baba gidan Gwaggo ya yi kwana goma, ni kuma na kwashe kayan ɗakinsa zuwa shago don kar ruwa ya taɓa su. A nan na buɗe akwatin na ga halin da katunan ke ciki, raina ya ɓaci. Sun yi baƙi da hannu, wasu sun lanƙwashe, gefensu kuwa duk giɓi-giɓi kamar ɓera ya yi biki a kai. Yaya, shekara goma sha takwas ina ɗinkin littattafai. Na ɗinke kundin ɗaliban da ba su san sunana ba, na gyara littattafan mutanen da ko na gode ba su ce ba, ga aikin ubana na shekara arba'in yana lalacewa a akwati. Na ce wallahi sai na yi masa abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Na goge kowane kati, na danne su a matsi kwana biyu, na manna wa kowanne siririn ƙyalle a gefen dama yadda zai buɗu ta inda littafin Larabci ke buɗuwa, na ɗinke da zare mai kyau. Sannan na kai shi injin yanka. Kin san mu, mai ɗinkin littafi ba ya karanta abin da yake ɗinkawa, gefe yake kallo, kuma gefe mai giɓi a wurinmu abin kunya ne. Na auna, na sake aunawa, don kar wuƙa ta ci ko ɗigo ɗaya na rubutu, kuma ba ta ci ba. Sau uku na sauke ta: sama, ƙasa, gaba. Gefen ya fito sumul, kana shafawa kamar gilashi. Na yi masa bango kore mai kauri, na buga kalmar da ruwan zinari. Abin da wuƙa ta aske kuwa na share na zuba a shara, ina 'yar waƙata.

Ranar da ya dawo ɗakinsa na jira sai da Hedimasta ya zo, don ina so a yaba mini a gaban shaida, ba zan ɓoye miki ba. Baba ya tambayi akwatinsa, na ɗauko littafin na ce ga shi nan, ya zama wannan. Hedimasta ya fara karɓa, ya juya shi, ya ce kai, aiki ya yi, ko a ɗakin karatun jami'a sai haka. Baba ya karɓa, ya shafa bango, ya sa babban yatsa ya bi gefen sama, ya bi na gaba, ya sake bi. Ya daɗe yana haka. Sannan ya ce ya yi kyau, Allah ya yi mini albarka, ya sa 'ya'yana su yi mini. Ni sai washe baki nake. Hedimasta kuwa, da yake ya yi kwana goma bai yi gardama ba, ya ce a buɗe masa na marin nan, yana da sabuwar hujja a kansa. Baba ya gyara tabarau, ya buɗe littafin, ya kafa ido a shafi, ya karanta katin matuƙin jirgi tun daga farko har ƙarshe bai tsallake kalma ba. Ina tsaye a bayansa. Ajamina ba shi da ƙarfi, kin sani, amma na san wannan shafin, don akwai ɗan zanen reshe a kusurwarsa da na yi ta kaffa-kaffa da shi wajen yanka. Katin mai mangwaro ne a buɗe. Na ɗaga kai na ga Hedimasta ma ya leƙa ya gani. Mutumin da bai taɓa barin kuskuren wasali ya wuce ba, sai ya ce e, haka ne, hujjar ma ta kwanta masa, ya ɗauki sandarsa ya ce yau yana da uzuri.

Bayan ya tafi na zauna a ƙasa kusa da ƙafar Baba. Shi ya fara magana. Ya ce Hedimasta bai iya ƙarya ba, ya tambaye ni wane kati ne a buɗe. Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya cire tabarau ya ajiye, ya ce to wannan ba sauran amfaninsa. Ya ce shekara uku da suka wuce ya lura haruffa sun fara narkewa, duk abin da ya kalla kai tsaye sai wani duhu ya zauna a kai, gefe-gefe kawai yake gani. Shi ya sa yake tafiya ko'ina ba tuntuɓe, yake gane mu ta tsayi da tafiya, ba wanda ya zargi komai. Da ya ga abin gaba yake yi, sai ya yi sauri tun yana iya karantawa da ƙyar, ya ɗauki abin yanke farce ya yi wa kowane kati alama. Giɓin sama yana nuna harshe, kowane harshe da wurinsa daga dama zuwa hagu. Giɓin gefe kuma yana nuna ko kati na nawa ne a harshen. Abin da ke rubuce ya haddace tuntuni, abin da yake bukata kawai yatsa ya gaya masa wanne ne a hannunsa. Wata bakwai ya yi yana wannan aikin a ɓoye. Ni kuma na aske shi cikin minti biyar, ina waƙa. Yaya, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Inna. Shi ko faɗa bai yi mini ba, wanda da ya yi da na fi samun sauƙi. Abin da ya ce kawai, yankan ya miƙe, bai ji inda wuƙa ta karkace ba.

Na tambaye shi me ya sa ya ɓoye mana. Ya ce mutumin da ya ci abinci da ido shekara talatin da biyar, yana karanta haruffan dalma a juye, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, ba ƙaramin abu ba ne ya buɗe baki ya ce a karanta masa. Ya ce kuma ya san mu: ranar da muka sani, ranar za mu fara riƙe masa hannu, mu ɗauke masa akwati, mu riƙa magana a kansa yana zaune. Ban musa ba, don a daidai lokacin hannuna yana kan kofinsa ina shirin matso masa da shi. Washegari na kai shi asibitin ido, da ƙyar da siɗin goshi. Likita ta ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, za dai a yi ƙoƙarin riƙe abin da ya saura. Na sa takardarta a cikin ambulan ɗin nan, ke kin fi ni gane yarensu.

Yanzu ga naki. A hanyarmu ta dawowa daga asibiti, cikin mota, ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa ya zaro wani kati da ya yi laushi kamar ƙyalle, ya miƙo mini. Ba shi da giɓi ko ɗaya. Ya ce wannan bai taɓa shiga akwati ba, shi ya sa ya tsira daga wuƙata. Naki ne. Ya iso bayan karatu ya riga ya gagare shi. Sauran ya san su tun da, wannan kuwa sabo ne, bai san abin da ke ciki ba, don haka ba shi da abin da zai haddace, ba shi da giɓin da zai yi masa. Ya gane daga gare ki ne saboda yadda kike ninke takarda gida uku. Ya kai shi taga, ya kai shi tsakar rana, ya karkata kai ta kowane gefe, bai samu komai ba sai inuwar layuka. In ya ba ni ko Hedimasta mu karanta masa, asiri ya tonu. Amsa kuma ba ta yiwuwa, don bai san me kika ce ba. Ya ce sau biyu ya gwada rubuta miki, ya ji alƙalamin yana hawa kan layin da ya riga ya rubuta, ya yayyaga. Shekara biyu katin yana aljihunsa, in za a wanke riga sai ya mayar da shi aljihun wata. Maman 'yan biyu ta ce ta sha ganinsa yana yi, ta ɗauka lambar wayar wani ce. Wasiƙunki huɗu kuma suna ƙarƙashin katifa, an buɗe an ninke, an buɗe an ninke, har sun fara rabuwa a wurin ninkin.

Na tsayar da motar a gefen titi na karanta masa, ina gargada kamar ɗan aji ɗaya, yana gyara mini tun kafin in ƙarasa kalma. Na nuna masa da yatsansa inda likitar ƙashin da kuke aiki tare, mai jin Farisanci, ta rubuta kalmar da hannunta, sannan na karanta abin da kika rubuta a ƙasa, daidai yadda dokarsa ta ce, cewa a wurinsu dogon ƙashin ƙwauri ƙalam ɗin ƙafa suke ce masa. Ya ce in maimaita, na maimaita. Sai ya buga cinyarsa ya ce ai magana ta ƙare, ƙashi dogo mai rami da ɓargo a ciki, wa ya taɓa fiƙe ƙwaurinsa, kara ne tun asali. Ya ce shekara biyu yana yawo da abin da zai kwantar da Hedimasta a aljihu bai sani ba. Ya yi dariya har da tari, daga nan dariyar ta juye, ya mayar da fuska wajen taga. Da muka isa gida na karanta masa wasiƙun huɗu a jere. Da na zo ta ƙarshe, inda kika tambaya ko wani laifi kika yi masa, ya ce in tsaya. Da aka kawo abinci ya ce ba ya ci. Hedimasta kuwa, don ki sani, bai kwanta ba. Ya ce ƙashi ma ai sara shi ake yi a wurin mahauta. Sun koma inda suke, sai dai yanzu shi ke karanta katin, Baba yana kama shi in ya yi tsallake.

Littafin kuma na ce zan farke ɗinkin in mayar masa da katunansa yadda suke. Ya ce a'a, aikin ɗansa ne, ba mai farke shi. Abin da muke yi yanzu, kullum da safe kafin in tafi shago ina zama in buɗe shafi in karanta masa layin farko, ya ce na wane ne, ya ƙarasa sauran da ka, sannan ya laluba gefen ya sa abin yanke farce, ƙas. Ranar farko kowane ƙas sai na ji shi a haƙorina, gefen da na auna sau biyu ana cin sa ina riƙe da shi. Yanzu na saba, har ni ke ja masa hannu in ya matsa kusa da rubutu. Mun kai kati na sittin da takwas. Naki muka fara yi wa, na manna shi a farkon littafin gaba da kowa, shi ya ce a sa shi nan.

To Yaya, ga abin da ya sa na rubuto. Ban ce ki taso ba, na san aiki da yara, kuma ya ce in kin zo saboda idonsa ba zai yi miki magana ba. Kin san cika baki ne, amma haka ya ce. Ban kuma ce ki fasa yi mini faɗa ba, na ci a yi mini, ki kira ki yi son ranki. Abin da nake roƙo, ki janye maganar da kika yi cewa kin daina rubuta masa. Ya san kin faɗa, don ni da bakina na gaya masa a lokacin, ina ganin yaƙi nake yi miki, ya ce to, ya shiga ɗaki. Tun ranar bai ƙara tambaya ko an kawo wasiƙa ba, amma Maman 'yan biyu ta ce har yau in ya ji babur ya tsaya a ƙofar gida sai ya dakata da abin da yake yi. Na ce masa ai ga waya, za ki iya aiko da murya yana saurara. Ya ce ya ji, amma shi ba ya iya sa murya a aljihu.

Ki gaishe mini da maigidanki gaisuwa mai kyau, da Mai Sunan Baba, ki ce masa kawunsa ya ji labarin jarrabawa, Allah ya ƙara basira. Ki shafa mini kan Auta. Gwaggo tana gaishe ki, ta ce ita tun da ta ga yadda yake kallon kofi a karkace ta san da wani abu, kin dai san Gwaggo, ba abin da ya taɓa faruwa ba ta riga ta sani ba. Maman 'yan biyu da 'yan biyun suna gaishe ku duka. Hedimasta ya ce a gaishe masa da likitar ƙashi, a kuma tambaye ta ko ta tabbata.

Na karanta wa Baba wasiƙar nan kafin in rufe, ya sa na cire wuri biyu, na ƙi cire na uku. Na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya ce in gaya miki ba ki yi masa laifin komai ba, shi ne ya makara da amsa. Ya ce in za ki rubuto, ni zan karanta masa, amma ki samu takarda mai ɗan kauri, ki rubuta a fuska ɗaya kawai, ki danna alƙalamin sosai, yadda in na gama karantawa na tafi shago zai juya bayan takardar ya bi sawun hannunki da yatsa. A ƙasan nan ya sa hannu da kansa. Ya ɗan hau kan nawa, na bar shi haka.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Mai ɗinkin littafi